Shekarar da Aka Sare Jirgin Ubanku

Akwai maganar da na daɗe ina jin tana yawo a tsakaninku, kuna kashe murya idan na shigo, wai a zatonku kunnena ya mutu. Kunnen nan lafiyarsa lau, ƙafa ce kawai ta gaji. Kuna cewa Baffanku Habu ya ƙwace wa ubanku sarautar ruwa, ya kuma sare masa jirgi a bainar jama'a. To, jirgi dai an sare shi, kuma da hannun Habu aka sare shi, ina tsaye a wurin da goyon Asabe a bayana. Amma wanda ya ba ku rabin labarin nan ya riƙe rabi bai kyauta muku ba. Tunda Allah Ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina har na iya riƙe alƙalami, ba zan tafi da sauran ba.

Abin ya faru ne a shekarun da ake ɗibar samari soja ana tafiya da su yaƙin Bama. Muna Kwarin Giginya a lokacin, gabas da Haɗeja, inda kogi ke sakin jiki ya bazu cikin fadama. Ƙananan cikinku da suka yi wayo bayan an gina madatsa an tare kogin daga can sama ba su san abin da ake kira ruwa ba. Da damina daga ƙofar gidanmu ake hawa jirgi a tafi kasuwa. Idan kaka ta yi ruwan ya ja baya, sai ya bar mana tafkuna maƙil da kifi, babbansu kuwa shi ne Tafkin Ari, wanda in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka shaida mutumin da ke waccan. Ubanku shi ne Sarkin Ruwa, gadon mahaifinsa, kuma babban aikinsa a shekara shi ne ɗaure wannan tafki. Ɗaurin ba wani abin kallo ba ne: sanda ce zai kafa a bakin ruwa, ya ɗaura mata kaba, ya yi addu'a, shi ke nan. Daga ranar ba homar kama kifi, ba gora, ba jirgi, ba mai sa ƙafa har shi kansa, sai bazara ta kawo kai rumbuna sun fara ƙara in an ƙwanƙwasa, sannan ya zare sandar a yi su, wato kamun kifin gayya. Ranar su duk garuruwan da ke kewaye suke faɗawa ruwan gaba ɗaya, kuma kifin ranar nan, da muke bandawa mu adana, shi ke kai mu ga sabon gero. Wanda ya keta ɗauri kowa ya san hukuncinsa: Sarkin Ruwa ya sare masa jirgi a gaban mutane, kuma shi da kamun kifi a ruwan ƙasarmu har abada. In kuwa Sarkin Ruwan ne da kansa ya keta, to ɗauri ya warware, babu mai hukunta wani, duk wanda ya ga dama ya shiga, kafin bazara ko tarwaɗa ɗaya ba za a samu ba. Tsofaffi suna ƙarawa da cewa da ɗaurin ake riƙe bakin kadoji. Wannan ban sani ba. Ni yunwar bazara na sani, na kuwa san ta sosai.

Tunda ba mai shiga, sai tsuntsaye suka mai da tafkin gidansu. Da sanyi ya kama sai su yi ta sauka, namu na gida da waɗansu baƙi da ba mu san inda suke fitowa ba, ga dinya, ga kirinjijiya, ga kwasakwasa masu jaka a wuya, ga gauraki da tukkayensu. Mu dai abin da muka sani game da su shi ne suna yi mana ɓarnar shinkafa, kuma kukan kirinjijiya ba ya bari a ji kiran salla sosai.

Ina juya kifi a kan banda wata rana da hantsi sai na ji sallama a zaure. Bulaman garinmu ne, dattijo mai tsoron hukuma fiye da yadda yake tsoron maciji, tare da wani masinja da ya zo a kan keke daga Haɗeja. Zana ce kawai tsakanina da su, kuma ni ban taɓa yi wa kowa alkawarin toshe kunne ba. Masinjan ya ce wani Bature ne babba a Kano lokacin hutunsa ya yi, amma saboda yaƙi ba a hawa teku, don haka shi da matarsa a fadamarmu za su huta. An ba shi labarin tsuntsayen Tafkin Ari. Yana son a gina masa bariki, wato masauki, a bakin ruwa, a kuma tanadi jirgi da gwanin tuƙi da zai riƙa kai su tsakiyar tafkin da sassafe.

Ubanku ya ce, "Harbi zai yi?"

Masinja ya ce, "Ba ya harbi."

"Tarko zai kafa?"

"Kallo zai yi, Sarkin Ruwa."

"Ya kalla, sannan ya yi me?"

"Sannan ya koma Kano."

Sai ubanku ya ce, a hankali kamar yadda ya saba magana, "Ruwan nan a ɗaure yake."

Masinja ya ce, "Ni ban ji wannan ba, kuma don Allah kada ka sa in ji. Daga Di'o, Baturen mulki, maganar nan ta faɗo kan hakimi, daga hakimi ta faɗo kan Bulama, ga ta a kanka. Tun da na fara aikin nan gangarowa nake ganin magana tana yi, ban taɓa ganin ta hau ba."

Ina can ina saurare har na bar karfasa biyu suka ƙone a kan banda. Tun daga wannan hantsin gidanmu bai sake zama daidai ba. Mu da muke ciki ba mu da yawa: ni da ubanku da ku uku na farko, sai kakarku Inna, sai Habu da matarsa da 'ya'yansa ƙanana a ɗaya sashen. Habu a lokacin saurayin magidanci ne mai yawan dariya, abokin wasana, ba ya shigowa bai ce miyata ta kwana ba, alhali shi ke suɗe kwanon. Ba shi da ko taki ɗaya na gona, bai kuma iya komai a duniya ba sai ruwa. Inna kuwa mace ce da ba ta taɓa yarda wani abu ya zo daga hukuma da alheri ba. Da aka gaya mata Bature zai zo kallon tsuntsaye, sai ta ajiye mazarinta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Kallo? Haka suka ce da suka zo kallon mutane, sai ga haraji. Suka kalli shanun Fulani, sai ga jangali. Yanzu kuma dinya ce ta rage. Ku dai ku zauna nan, za ku ga ranar da za a ce kowane gida ya biya kuɗin kirinjijiya."

Habu ya kwashe da dariya, amma ubanku ko murmushi bai yi ba.

Shiri kuwa an yi shi kamar za a tari ango. Maza suka share hanya tun daga inda mota ke iya tsayawa har bakin tafki, suka cike kwazazzabai da ƙirare da ƙasa. Aka gina ɗakuna biyu na zana da jinka sabuwa a ƙarƙashin wata kanya, mu mata muka kwana biyu muna daɓe har hannuwanmu suka yi kanta. Sai ga kukun Baturen ya riga su isowa da 'yan dako, mutumin kudu ne mai tsawa, ya zo da gado mai naɗewa da gidan sauro da wani bahon wanka na tamfol da yara suka yi ta leƙe. Shi ya hana mu sakat. Ƙwai sai ya jefa a ruwa, wanda ya taso ya mayar mana. Nono sai an tatsa a gabansa. Itace ban da mai hayaƙi. Ruwan sha a tafasa, a tace, a sake tafasawa, ruwan da muka sha muka haifi 'ya'ya da shi. Ya ce a ɗaure karnuka, a daina daka da asuba, kada jaki ya yi kuka kusa da bariki. Na ce da shi to ya je ya gaya wa jakin da kansa, tunda shi ya iya Turanci. Duk wannan wahala ce ta jiki, kuma da ita kaɗai ce da mun yi ta muna waƙa. Abin da ke cin mu shi ne duk wanda ya ɗaga kai daga aiki sandar nan yake gani a kafe a bakin ruwa, kabarta tana kaɗawa, 'yan taku kaɗan daga ƙofar barikin.

Ubanku ya rage cin abinci. In na kai masa tuwo sai ya gutsura sau biyu ya ture. Da abin ya ishe shi ya sa babbar rigarsa ya taka har garin hakimi. Ban san duk abin da aka yi a can ba, domin shi ba mai dogon bayani ba ne, amma da ya dawo da la'asar na ga yadda ya zauna a bakin rijiya bai ko cire takalmi ba, na san ba a dace ba. Hakimi ya ce shi ba shi da bakin da zai ce wa Di'o a'a saboda sanda da kaba. Ya ce in Sarkin Ruwa ba zai tuƙa ba, ai an ce yana da ƙane gwanin jirgi, dogari zai kamo shi ya tuƙa.

Inna ce ta kawo dabarar da muka ɗauka ita ce mafita, kuma kada wani ya ɗora mata laifi, domin duk garin aka taru aka ce madalla.

Ta ce, "Ni kun ba ni mamaki. Yaushe aka taɓa tura baƙo madafi ya ɗebo wa kansa? Kai masa ake yi. Tsuntsu yake so, to ku kamo masa tsuntsu ku ajiye masa a ƙofar ɗaki, ya kalla har ya gaji. Me zai kai shi cikin sanyi da sauro?"

Wallahi ranar har abinci ubanku ya ci. Bulama ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya ce wannan ai karramawa ce da ko Gwamna ba a taɓa yi wa ba. Samari suka bazu cikin ƙananan fadamun da ba a ɗaure ba, da tarko da raga, suka yi ta kawowa. Aka kewaye wani fili da zana a bayan bariki, aka haƙa ɗan gurbi aka zuba ruwa. Don kada su tashi sai aka fige musu gashin fiffike ɗaya, manyan kuma aka sa musu igiya a ƙafa. Ni aka ba wa ciyar da su. Dinya da kirinjijiya ba su da wuya, in ka watsa shinkafa za su ci. Gauraki ne suka ƙi. Suna tsaye a lungu, sun juya wa mutum baya, in yamma ta yi 'yan'uwansu suka wuce ta sama suna kuka sai su ma su amsa. Kwasakwasa ɗaya ta mutu, muka binne ta a ɓoye kada kuku ya gani. Kullum da safe in na buɗe zanar nan sai in yi ta addu'a Allah Ya kawo baƙin nan kafin sauran su bi ta.

Suka iso da rana tsaka. Baturen dogo ne siriri, rana ta gasa masa wuya ya yi ja, da madubin hangen nesa rataye a ƙirji. Matar 'yar ƙarama ce, da wando irin na maza da malafa. Suka gai da mutane da Hausarsu ta koyo, ba su da girman kai, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Bayan sun sha ruwa sai Bulama ya gyara rawani, ya ce da tafintansu akwai 'yar tsaraba da gari ya tanada. Aka yi gaba, mu mata muna biye daga nesa, Inna har da sabon mayafi. Bulama ya janye zana da hannunsa.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri haka ba. Baturiyar ta sa hannu ta rufe baki. Ta shiga ta durƙusa a cikin kashin tsuntsaye da wandonta, ta ɗaga fiffiken wata dinya ta ga inda aka fige, sai hawaye. Mijin ya yi ta magana da ƙarfi, wuyan nan ya ƙara ja. Mu kuwa muka yi tsuru-tsuru, don har ga Allah ba mu san laifin da muka yi ba.

Tafinta ya ce, "Ya ce wa ya sa ku? Ya ce a kwance su yanzu. Waɗanda ba sa iya tashi a ci gaba da ba su abinci har gashinsu ya fito. Ya ce shi a gidansu yake son ganinsu, ba a kurkuku ba. Gobe da sassafe a kawo jirgi."

Ubanku ya matsa gaba ya durƙusa. Ya ce da tafinta, "Don Allah ka gaya masa ruwan nan a ɗaure yake. Ka gaya masa abincin garuruwa ne a ciki, in jirgi ya shiga ɗauri ya lalace."

Maganar ubanku doguwa ce, amma abin da tafinta ya mayar gajere ne ƙwarai, shi ma ɗan aiki ne mai tsoron bakin aikinsa. Baturen ya saki fuska, har ya dafa kafaɗar ubanku.

Tafinta ya ce, "Ya ce ka kwantar da hankalinka, ko kifi ɗaya ba zai taɓa muku ba."

Ina ganin dogarin hakimi ya taka a hankali ya je ya tsaya a bayan Habu.

Da muka koma gida ba wanda ya hura wuta. Inna ta shige ɗaki ta juya fuska bango. Habu ne ya fara magana, yana tsaye a tsakar gida, babu dariya ko kaɗan.

Ya ce, "Yaya, ni zan shiga. Kai ka tsaya a kan sarautarka. In sun tafi ka sare jirgina, ɗauri ya tsira."

Ubanku ya ce, "In na sare jirginka ka ci me? Kai da ko kunya ɗaya ba ka iya ja a gona ba?"

"Allah ba zai hana ni ba."

"Allah ba zai hana ka ba, amma ni ne zan hana ka, da hannuna, kuma ba zan yi ba. Ni ina da gonar shinkafar Baba da na ba da aro. Kai ba ka da komai sai ruwan nan."

Habu ya ce, "To in kai ka shiga ai ɗauri ya warware."

Ubanku ya ce, "In Sarkin Ruwa ya shiga ne yake warwarewa."

Na riga Habu gane inda ya dosa, kuma ban yi shiru ba. Ku kun san bakina, to a lokacin ya fi haka kaifi. Na ce, "Malam, mu fa? Waɗannan da ke zaune suna kallonka ba 'ya'ya ba ne? Ka tashi cikin ruwa, ka yi furfura cikin ruwa, yau saboda wani ya zo hutu za ka koma noma kamar sabon ango? Ka bari dogari ya kama wanda zai kama!" Na faɗi wannan a gaban Habu da matarsa, don tsoro ya rufe mini ido, kuma ko yau aka mai da ni wurin ban ce ba zan sake faɗa ba. Ubanku bai yi mini tsawa ba. Ya dai ce, "Ladi, ni na kafa sandar nan." Ya tashi ya aika a kira liman da Bulama da dattawan masunta.

Bayan sallar la'asar suka taru a zaure. Ya shiga ɗaki ya ɗauko zagon mahaifinsu, wato mashin kifin da duk wanda ke riƙe da ruwa yake ajiyewa, ya ɗora a hannun Habu a gaban shaidu. Ya ce daga wannan lokaci Habu ne Sarkin Ruwa, shi kuwa masunci ne kamar kowa, kuma ɗaurin da ke bakin tafki ya koma wuyan Habu da duk hukuncinsa. Liman ya tambaye shi ko ya san abin da yake yi, ya ce ya sani. Aka shafa fatiha. Ina jin Habu yana ta cewa, "Yaya, Yaya," ba wanda ya kula shi.

Da gari ya waye duk Kwarin Giginya na bakin tafki, har da mutanen ƙauyukan kusa da labari ya kai musu. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Ubanku ya turo jirginsa, na maɗaci, wanda shi ya sassaƙa shi da hannunsa shekarar da aka kawo ni gidan. Ya shimfiɗa tabarma a ciki, baƙin suka zauna, ya ɗauki gwangwalar tuƙi. Da ya zo daidai sandar ɗauri bai kalle ta ba, bai kuma kalli kowa ba, ya dai tura. Baturiyar ta ɗaga mana hannu tana murmushi, ina jin ta ɗauka rakiya muka zo yi. Muka bi su da ido har jirgin ya shige cikin ciyawar burugu muka daina ganinsa.

Haka ya yi ta kai su kowace safiya har hutunsu ya ƙare. Ba su taɓa kifi ba kamar yadda suka ce. Mijin yana ta duba madubinsa, matar tana zana tsuntsaye a takarda, da yamma ta zo ta duba waɗanda muka fige ta ba su shinkafa da hannunta. Sun ji daɗin hutunsu ƙwarai, kuma har suka tafi ba su san abin da ya ci ba.

Ni kuwa kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba, domin maganar ba ta ƙare ba. Hukunci ba zai yiwu ba sai baƙi sun tafi, kuma samarin garin da na ƙauyuka sun fara gyaran homa a fili, a gindin bishiya, ba kunya. Ana ta raɗe-raɗin cewa wasa ne 'yan gida ɗaya suka shirya, wai wa ya taɓa ganin ƙane ya hukunta wansa. In Habu ya kasa, to a ranar za su faɗa tafkin, kuma ubanku ya yi asarar sarauta a banza, gari ya yi asarar kifi. Habu ya daina shigowa sashenmu. In muka haɗu a bakin rijiya sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Wata yamma ina tsince shinkafa ubanku ya zo ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Fushi nake da shi, ban ɗaga kai ba.

Ya ce, "Ladi, kin san tun ina yaro nake tsaron ruwan nan, amma ban taɓa ganin cikinsa a wannan lokaci ba? Akwai wani fili a tsakiya, bado ya rufe shi. Da rana ta fito sai tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, har sai da sama ta yi duhu, iskar fikafikansu tana taɓa mini fuska. Matar nan ta kama kuka. Ni ma na manta da gwangwala a hannuna." Ya ƙara da cewa, "Wallahi abin yana da kyau."

Na ce, "Sai ka ci kyan." Amma na juya baya, don kada ya ga idona.

Ranar da motar baƙin ta tashi, ƙararta ba ta gama ɓacewa ba mutane suka gangara bakin tafki. Samari sun zo da homarsu a kafaɗa. Ubanku da kansa ya jawo jirgin ya fito da shi kan tudu ya kife shi, ya koma gefe ya tsaya. Aka miƙa wa Habu gatari. Ya karɓa, ya tako har gaban jirgin, ya tsaya. Aka daɗe a haka, har na ji wani daga baya ya yi 'yar dariya, wani kuma ya fara naɗe ƙafar wando.

Habu ya ce, muryarsa ba ta fita sosai, "Yaya, ba zan iya ba."

Ubanku ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ba Yaya a nan. Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa, na keta ɗauri, ga jirgina."

Habu ya ɗaga gatari ya sara, amma saran bai shiga ba, ya dai ɓantare ɗan gefe. Aka fara guna-guni. Sai ubanku ya tako ya durƙusa a cikin taɓo a gaban ƙanensa, ya shafa cikin jirgin da tafin hannu har ya sami wurin da yake nema, ya bubbuga da yatsa.

Ya ce masa a hankali, ni da nake kusa ce kawai na ji, "Nan, Habu. Nan na fi rarake shi. Ka sa ƙarfi, ana kallonka."

Ya riƙe jirgin da hannu biyu don kada ya motsa. Habu ya rufe ido ya sauke gatarin, kuma wannan karon ƙarar ta tafi har hayin tafki, tsuntsayen da ke kusa suka tashi. Ya sake, ya sake, yana sara yana kuka, har jirgin ya rabe biyu. Sannan ya faɗi sauran hukuncin da bakinsa, cewa wannan mutum shi da kamun kifi a ruwan ƙasar nan har abada. Ban ga lokacin da samarin suka fara zamewa ba, na dai duba na ga babu homa ko ɗaya a bakin ruwa. Ɗaurin nan ya riƙe har bazara, ya kuma riƙe duk tsawon shekarun Habu, domin ba wanda ya sake tunanin gwada mutumin da ya sare jirgin wansa.

Habu ya yar da gatarin ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Ubanku ya wanke taɓon hannunsa a wani ɗan gurbi can nesa da tafkin, ya kama hanyar gida, na bi shi da Asabe a baya. Duk tsawon hanyar bai waiwaya ba. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, ya dubi tsakar gidan kamar baƙo, sannan ya juyo.

Ya ce, "Ladi, a ina kuke ajiye fartanya?"